Kunamar Huseina

A gidan Malam Abdulhamid da ke Kusfa ba a sayen abu guda. In atamfa ce, turmi biyu iri ɗaya. In ɗankunne ne, biyu. Ko rake aka shigo da shi, sai an gwada gaɓoɓinsa kafin a miƙa. Doka ce ta Iya Kulu, mahaifiyar Malam, kuma ta kafa ta tun ranar da surukarta Sailuba ta sauka da tagwaye, Hassana da Huseina. A wurin Iya, 'yan biyu ba kamar sauran yara ba ne. In ka ba ɗaya ka hana ɗaya, wadda ka hana ba za ta ce maka uffan ba, kunama za ta turo maka. Tana da hujjarta kuwa. Wata maƙwabciya ta taɓa ba Hassana alewa ta manta da Huseina suna 'yan ƙanana, kafin mako ya zagayo kunama ta harbi matar a bakin murhu. Tun daga nan duk baƙon da ya zauna a ɗakin Iya sai ya sha wannan labari, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Malam ya san camfi ne. Ya sha faɗa wa ɗalibansa na Islamiyya cewa kunama ba ta karɓar aike daga hannun kowa. Abin da bai taɓa yi ba shi ne ya faɗi haka a gaban Iya.

Haka yaran suka tashi, kaya iri ɗaya, makaranta ɗaya, aji ɗaya, har suka gama sakandare suka zauna jiran gurbin jami'a. Fuska dai ɗaya ce, amma hali ko kusa. Hassana shiru-shiru ce, irin wadda za ta yini a ɗaki ka rantse ba kowa. Huseina ita ce mai baki, mai karance-karance, mai musu da rediyo. In ana labaran duniya da safe, ita ke zama kusa da Malam tana amsa wa mai gabatarwa kamar yana jin ta, Malam na dariya yana cewa wannan yarinya da namiji ce da ta hana majalisa barci.

Ita ta ga sanarwar a waya. Wata ƙungiya za ta buɗe makarantar hutun damina a Tudun Wada don matasa, a koya musu yadda ƙasashe ke ci gaba da yadda suke kasawa: talauci, ruwan sha, asibiti, tallafin da ke zuwa daga waje da inda yake maƙalewa a hanya. A ƙarshe kuma wanda ya fi kowa ƙoƙari za a kai shi taron matasa a Kigali. Huseina ta karanta ta sake karantawa. Ji ta yi kamar wani ya zauna ya auna ta ya ɗinka makarantar daidai jikinta.

Ranar tantancewa ta ja Hassana suka tafi, don Iya ba za ta bar ɗaya ta fita ɗaya na gida ba. Tun daga lungu Hassana ke ƙorafi.

"Ni me zan je in ce musu? Ban san komai a kan ƙasashen nan ba."

A cikin keke napep, daga Ƙofar Doka har Tudun Wada, Huseina ta yi ta ɗura mata. In sun tambaye ki kaza ki ce kaza. Kada ki sunkuyar da kai. Ki ambaci famfon unguwarmu da ya mutu. Ta yi hakan da zuciya ɗaya, don ko a mafarki ba ta kawo Hassana a matsayin abokiyar takara ba. 'Yar rakiya ta ɗauke ta.

Su duka biyun suka ci. Sai dai ita ma makarantar tana da tata dokar ta adalci: gida ɗaya, mutum ɗaya, don guraben su zagaya. Shugabar makarantar, wata Malama Joan 'yar Wusasa, ta kira Malam a waya ta ce su sun kasa zaɓa, shi ya zaɓa. Malam yana zaure, Huseina na bayan ƙofa riƙe da butar da ya aika a kawo masa. Bai yi dogon tunani ba. Bai ma yi gajere ba.

"To, a ba babbar," ya ce.

Babbar! Wai don Hassana ta riga ta leƙo duniya da ɗan lokacin da bai isa a dafa shayi ba. Huseina ta ajiye butar a bakin ƙofa ta koma ciki, ba ta ko ji ruwan da ya zubo mata a ƙafa ba.

Iya ta ce ba ta san wannan zance ba, ko su tafi tare ko su zauna tare. Malam ya durƙusa ya yi ta lallashi. Karatu ne, Iya, ba alewa ba. Kuma a garin nan ne, kafin magariba tana gida. Daga ƙarshe tsohuwar ta juya ga Huseina.

"Ke, kin yarda?"

Idon gida duka yana kanta. Girman kai ya riga ta buɗe baki.

"Na yarda mana, Iya. Me zai hana?" Har da 'yar dariya.

Don a cika doka, Sailuba ta sayo sababbin hijabai biyu ruwan toka. Kullum safe Hassana ta saka nata ta tafi koyon yadda ake ciyar da ƙasashe gaba. Huseina ta saka nata ta kai markaɗe inji.

Ƙyashin bai faɗo mata rana ɗaya ba. Da farko ma abin ya ɗan yi mata daɗi, don Hassana kan dawo a rikice, ta zube a tabarma ta ce, "Huseina, me ake nufi da bashin ƙasa? Ƙasa kuma wa take ci wa bashi?" Huseina ta gyara zama ta warware mata tiryan-tiryan, tana ji a ranta cewa ko ba komai makarantar tana biyowa ta bakinta.

Wata yamma ana tsuga ruwan sama, suna tsintar shinkafa a rumfa, Hassana ta kawo tambayar da Malama Joan ta ba su su kwana da ita. Ƙauyuka biyu maƙwabta, ɗaya an haƙa masa rijiyar burtsatse, ɗaya babu, kuma ba halin haƙa ta biyu a bana. Sai wani daga ƙauyen da babu ya ce a toshe ta farkon, kowa ya koma rafi, an yi daidai. Shin ya nemi adalci?

"Wannan ai ba tambaya ba ce," in ji Huseina, ko kai ba ta ɗaga daga faifan ba. "Mai toshe rijiyar bai ƙara wa ƙauyensu ko moɗa ɗaya ba. Ba ruwa yake nema ba, abokin ƙishirwa yake nema. Hassada ce kawai ya naɗa mata rawani ya kira ta adalci."

Hassana ta yi dariya har shinkafa ta zube. Washegari ta shigo gida da gudu, hijabi jiƙe.

"Huseina, da kin ga tafi! Malama ta sa na maimaita, har a allo ta rubuta."

"Kin faɗa musu wa ya ce?"

Hassana ta kawar da kai. "Ban samu dama ba. Hayaniya ta yi yawa."

Mai yiwuwa gaskiya ta faɗa. Hassana ba muguwa ba ce, mutum ce da aka tafa wa karo na farko a rayuwarta, daɗi ya ɗauke ta. Amma daga ranar Huseina ta rufe bakinta. In an tambaye ta, sai ta ce kanta na ciwo. Ta zuba ido tana jiran ta ga Hassana ta faɗi.

Hassana ba ta faɗi ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi ƙona rai. Yarinyar da ba ta iya kallon mai kanti a ido ta fara tafiya kai a ɗage. Ta yi ƙawa, wata Priskila, suna waya suna shewa a kan abubuwan da Huseina ba ta san kansu ba. Bakinta ya cika da masu ruwa da tsaki da ci gaba mai ɗorewa, har in miya ta yi ƙaranci sai ta ce matsalar rabon albarkatu ce, Ummansu Sailuba ta yi ta dariya. Rannan da safe ana labarin wata madatsar ruwa a rediyo, Malam ya rage muryar rediyon ya leƙa bayan Huseina, wadda ke zaune a gefensa inda ta saba.

"Hassana, me malamanku suka ce a kan irin wannan?"

Huseina ta tashi ta ɗauke kofunan shayi. A madafa ta tsaya tana wanke kofi ɗaya har ruwan ya huce. Ta san sunan abin da ke cin ta, don ba ta da wauta. Hassada ce, kuma a kan wadda suka kwanta ciki ɗaya. Sanin sunan bai rage mata komai ba.

Ana tsakiyar hutu aka fito da ɗaliban aikin gani da ido, kuma saboda jawabin Hassana aka zaɓi famfon Kusfa da ya mutu. Suka cika lungu da rigunansu iri ɗaya, suna tsallake kwata, suna tambayar mata wa ya kafa shi, wa aka tambaya kafin a kafa, wa aka bar wa gyara. Huseina ta yi niyyar kulle kanta a ɗaki, amma Umma ta aike ta da ruwan sha a kai wa baƙi. Tana fitowa zaure Malama Joan, sanye da gilashinta, ta kama hannunta.

"Hassana, ke nake nema. Maganarki ta mai toshe rijiya har yau tana kaina. Na faɗa wa mutanenmu na Abuja, sun ce lallai su ga yarinyar nan."

Hannun Malama Joan yana da ɗumi, idonta cike da irin kallon da Huseina ta daɗe tana jin yunwarsa. Ta bar shi ya zauna a kanta na ɗan lokaci, ta sha shi kamar wadda ta samu inuwa. Sannan ta zare hannunta.

"Ba ita ba ce, Malama. Ni ce ɗayar."

"Ayya, yi haƙuri! Huseina ko? Na tuna ki. Baɗi ki sake nema, kin ji?" Kafin ta rufe baki idonta ya riga ya wuce kafaɗar Huseina yana neman ta gasken.

Ba wanda ya yi mamaki da aka ce Hassana ce za ta Kigali, sai ita Hassanar. Ta shigo tana kuka tana dariya, ta rungume Huseina ta ce, "Ke ce, wallahi duk ke ce." A ɗaki ta faɗa, su biyu. Huseina ta bubbuga mata baya tana kallon bango.

Malam ya sake durƙusawa gaban Iya, wannan karon har gwiwarsa ta yi tsami. Iya ta sake juyawa ga Huseina.

"Ke, kin yarda?"

"Allah ya kai ta lafiya, Iya."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon ta. Ta lura ba a amsa tambayarta ba, amma ta bar zancen. Aka yi fasfo, aka yi allurar tafiya, dangi suka fara zuwa gaisuwa kamar mai shirin Makka. Sailuba ta tafi kasuwar Sabon Gari ta dawo da akwatuna biyu jajaye masu taya, iri ɗaya sak.

"Umma, ni kuma ina za ni?"

"Ki ajiye dai. Kin san Iya."

Da mari aka yi mata da ya fi sauƙi. Ta ɗora nata a saman kabad, fanko, ledarsa ma ba ta cire ba. Na Hassana yana ƙasa baki buɗe, kullum ana ƙara masa abu: sabuwar abaya, yaji a kwalba, rigar sanyin da Priskila ta ara mata. In Huseina ta kwanta, akwatinta take gani a sama, in ta juya ta ga ɗayan a ƙasa. Ba ta taɓa roƙon Allah ya hana tafiyar ba, tana tsoron wannan. Amma ranar da aka ce takardun shiga ƙasar sun yi jinkiri, ta ji wani sanyi ya ratsa ƙirjinta, ta yi istigfari, sanyin bai tafi ba. Da takardun suka iso, ta kasa cin tuwo.

Tafiya ta matso, saura 'yan kwanaki. An kwana ana ruwa, gari ya waye da laima, itacen girkin da aka jibge a jikin bango duk ya jiƙe. Hassana ta fito za ta makaranta taron bankwana. Takalmansu sau-ciki suna jere a ƙofar ɗaki. Ta zura ƙafa, ta kurma ihun da ya fito da maƙwabta.

Huseina ce ta fara isa. Ta riƙe ta, ta ɗaure mata ƙafar da ɗankwalinta, tana kuka na gaske, don zafin kamar a jikinta yake. Malam ya kakkaɓe takalmin, wata 'yar kunama ja ta faɗo, ya murƙushe ta. Aka kira Garba mai kemis ya yi allura. Sai da hayaniya ta lafa Huseina ta ɗaga kai ta ga Iya tsaye a ƙofar ɗakinta, dogare da sanda. Ba Hassana take kallo ba.

Bayan la'asar Iya ta tara su a ɗakinta. Hassana na zaune a bakin gado, ƙafa a miƙe, ta kumbura har idon sawu. Sailuba ta raɓe a bakin ƙofa. Malam ya yi gyaran murya.

"Iya, damina ce. Ga itace jibge a jikin bango, dole a samu irin..."

"Takalma nawa ne a ƙofar ɗakin nan?" Iya ta katse shi. "Nata da na 'yar'uwarta, iri ɗaya, a jere. Me ya sa kunamar ba ta shiga ɗayan ba?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"Na tambayi yarinyar nan sau biyu. Na farko ta ba ni dariya, na biyu ta ba ni addu'a. Ni ba yarinya ba ce. Wannan gargaɗi ne, kuma a ƙasa ya same ta, muna gani, ga Garba kusa. In tana sama tsakanin gajimare fa, wa zai kai ta kemis?" Ta nuna Huseina da sanda. "Zo nan, uwar baki. Ki kama ƙafar 'yar'uwarki, ki shafa, ki ce kin huce. In kin faɗa, ta tafi da albarkata. In ba ki faɗa ba, ko Ƙofar Doka ba za ta wuce da akwatin nan ba."

Huseina ta duba mahaifinta. Mutumin da ya ce a ba babbar ba tare da ya ja numfashi ba, yau shi ke kallon ta da idon roƙo. Umma tana murza bakin zane. Huseina ba ta taɓa sanin haka iko yake ba, mai nauyi, mai zaƙi. Ta san ba ta aiki kunama ba. Ta san kuma kalma biyu kawai ake nema, kuma ba wanda zai buɗe ƙirjinta ya duba.

Ta durƙusa ta ɗauki ƙafar. Zafi rau. Ƙafarta ce sak, har da ɗan yatsan da ya karkace, wanda suke tsokanar juna da shi tun suna yara. Wani abu ya narke mata a zuciya. Wallahi a wannan lokacin ta yi niyyar faɗa, har ta buɗe baki. Sai Hassana ta sunkuyo ta raɗa mata.

"Ki faɗa kawai, don Allah. Zan kawo miki tsaraba mai kyau."

Tsaraba. Abin da ake kawo wa yaron da aka bari a gida don ya daina kuka. Ita da ta ga sanarwar, ita da ta ɗura mata amsa a keke, ita da aka rubuta maganarta a allo da sunan wata. Abin da ya narke ya koma ya daskare. Ta ajiye ƙafar a hankali a kan tabarma.

"Iya, ni ban aiki kunama ba, Allah ne shaidata. Amma kin ce in ce na huce." Ta ɗago ta dubi Malam. "Baba ya hana mu ƙarya."

"Huseina!" in ji Malam. Daga nan kuma bai san me zai ƙara ba. Ya ce ta yi ƙarya a gaban uwarsa? Ko ya ce wa uwarsa abin da ta riƙe tun kafin a haife shi camfi ne?

Gaskiya ta faɗa, ba wanda zai ce ba gaskiya ba ce. Ta dai zaɓe ta ne don ta san ta fi kowace ƙarya kaifi.

"To, an gama," in ji Iya. "Ba inda za ta."

Hassana ba ta yi kuka ba. Ta janye ƙafarta ta rufe da zane.

Malama Joan da kanta ta zo washegari. Ta cire takalmi, ta zauna a tabarmar Iya, ta gaishe ta da Hausa tsantsa, ta yi bayani har muryarta ta dushe: za a kula da ita, akwai mata a tafiyar, dama ce da ba ta zuwa kullum. Iya ta saurare ta da kyau, ta sa aka dama mata fura, ta shi mata albarka ita da iyayenta, ta ba ta labarin maƙwabciya da alewa. Sannan ta ce a'a. Aka ba Priskila gurbin.

Kada a yi wa Huseina ƙarya, ta ji daɗi. A yammacin nan ta ci tuwo har ta nemi ƙari, ƙirjinta wasai, karo na farko tun farkon damina. Daɗin ya kai ta har safiya. Da hantsi ta shiga ɗaki ta tarar Hassana tana kwashe kaya daga akwati, tana ɗingishi. Ta ninke abayar, ta mai da yajin madafa, ta ware rigar sanyin da za a mayar wa mai ita. Huseina ta miƙa hannu za ta taya ta ɗaga akwatin, Hassana ta kauce. Ita kaɗai ta taka kujera da ƙafa mai ciwo ta tura shi saman kabad, gefen ɗayan. Iya tana wucewa ta leƙo, ta ga jajayen akwatuna biyu a jere, duka fanko.

"Yauwa," ta ce. "Yanzu an yi daidai."

Ba wanda ya tuna wa Huseina zancen rijiya. Ba ta buƙaci a tuna mata ba, da bakinta ta faɗe shi.

Gidan ya koma yadda yake a da, ko kuma abin da ya yi kama da haka. Hassana ta daina waya, ta daina masu ruwa da tsaki. In an kunna rediyo da safe takan tashi ta shiga ɗaki, wurin zaman kusa da Malam ya koma hannun mai shi. Sai dai Malam ya daina dariya, ya daina tambayar kowa komai, labarai na ƙarewa ya kashe ya fita. Huseina ta zauna a wurin nata ita kaɗai, ba abin da ya zo mata a baki da za ta amsa wa mai gabatarwa.

Ranar da jirgi zai tashi ta kasa daurewa. Ta shiga ɗakin Iya ta durƙusa.

"Iya, na huce. Wallahi na huce."

"Madalla," in ji tsohuwar, tana jan carbi. "Allah ya ƙara haɗa kanku." Ta ci gaba da lazimi, don ba sauran abin da za a bari ko a hana.

Huseina ta fito tsakar gida. Rana ta buɗe bayan ruwa, ƙasa na tururi. Wayar Hassana tana kan turmi, hoton Priskila a kai, tana murmushi a filin jirgi da rigar sanyin nan a kafaɗa. Hassana na tsaye a bakin randa, ta ɗebo ruwa a moɗa. Tun ranar kunama ba ta yi wa Huseina magana ba, ko ta gaisuwa. Yau ta juyo ta kalle ta, ba fushi a fuskarta, ba komai.

"Huseina, ƙishirwa nake ji. Zan sha ruwa. Kin yarda?"

"Hassana, don Allah..."

"Kin yarda?"

Hassana ta tsaya da moɗar a hannu, ba ta kai baki ba, tana jira.